Sawu a Yashin Dadin Kowa

Ban taɓa ganin teku ba.
Iyakar ruwana Gongola,
daga ƙasan dam zuwa inda kwalekwalena ya gaji.

Hansatu ta zo hutun makaranta
da waya mai tsagaggen gilashi,
ta ce, Baba, zo ka ga wata tsohuwa.
Na leƙa. Kififiyar teku ce, faɗin tabarmar salla,
ta fito daga ruwan da ba shi da tsallake,
tana jan ciki kamar mai naƙuda,
tana haƙa da ƙafar baya, idonta na ruwa.

Ta ce, nan aka ƙyanƙyashe ta,
shekara talatin ba ta ɓata hanya ba.
Cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma:
wasu ƙaguwa, wasu tsuntsu,
wasu su bi fitilar otal su ba ruwa baya,
wasu su haɗiyi leda a zaton abinci.

Na ce, to ina ruwana da teku?
Ta nuna ledar da na jefar ɗazu
tana lilo ƙarƙashin gada.
Wannan Numan za ta, Baba,
daga nan Binuwai, daga nan Lakwaja,
kuma ba ta biyan kuɗin mota.

Na yi shiru, amma ba don ledar ba.
Na tuna muna samari, ni da Barau,
mu bi sawun kififiya a tsibirin yashi,
mu tona, mu cika hula da ƙwai,
mu dafa a gwangwani, mu barbaɗa yaji.
Ko ɗaya ba mu taɓa bari ba.
Yau shekara nawa rabon taruna da ita?
Mun ce dam ne, mun ce zamani ne.
Ba wanda ya ce hularmu ce.

Jiya da asuba, bayan shinkafar Jauro Manu,
sai ga sawu, layi biyu da jan ciki a tsaka.
Hannuna ya riga hankalina tonawa.
Farare, da ɗuminsu, goma sha tara.
Akwai mai saye, na san rumfarsa,
garin tuwo kuma ya kai gindin buhu.

Na mayar da yashin.
Na share sawun da reshen giyayya
don kada wani irina ya biyo.

Hansatu ta ce, me ya ɓata maka gwiwa haka?
Na ce, santsi ne.