Ƙullin Bahago

Duk daren da teku ta kwana tana dambe da gaɓa,
Ambrose Storr ba ya jiran shayi ya huce.
Da asuba yake gangara matakalar Whitby,
buhu a kafaɗa, gwiwa tana ƙara,
ya je ya ga abin da ruwa ya amayar.

Gawayi ma baƙi ne, shi ke yaudarar baƙi.
Shi kuwa da fasasshen tangaran a aljihunsa.
Ya goga: in zanen ya fito baƙi, ya yar.
In ya fito ruwan ƙasa, kamar shayin da ya baro,
ya jefa a buhu, ya ci gaba.

Kawunsa ya ce dutsen nan da can itace ne,
ya faɗi, laka ta binne shi, teku ta hau kai ta zauna
shekarun da ba sa ƙirguwa.
Shi ya sa ba nauyi,
shi ya sa yake da ɗumi a tafin hannu
ko a watan da ƙanƙara ke toshe famfo.

Shagon taku huɗu ne da rabi.
Dutsen wasi, zarto siriri kamar gashin doki,
azurfa a gwangwanin taba,
da jar hodar gugar kaya
da ta rina masa farce har gemu.

Wata Talata Maud Verrill ta turo ƙofa,
ta ajiye maɓallin riga a kan tebur.
Jirgin mijinta wata biyar ke nan bai dawo ba.
Ta ce, ka yi min abin da zan maƙala a ƙirji.
Bai yi tambaya ba.

Sau uku dutsen yana tsagewa a hannunsa.
A na huɗu ya sassaƙa igiya,
irin ƙullin da masunta ke ɗaure jirgi da shi,
ya dasa maɓallin a tsakiya, ya kewaye da azurfa,
ya goge har yana ganin ƙwayar idonsa a ciki.

Ta juya shi gaba, ta juya shi baya.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, ya yi kyau,
sai dai shi ba haka yake ƙulli ba,
bahago ne.

Ambrose ya karɓa, ya ɓamɓare maɓallin.
Sati biyu yana ƙulla igiyar takalmi da hagu,
yana kwancewa, yana tsaki,
kafin ya sake taɓa zarto.

Da dare yakan zana teku a bayan kwali.
Ba mai saye, ba ya kuma tallatawa.
Fentinsa bai taɓa kai dutsen baƙi ba,
ya haɗa, ya haɗa, ya haƙura.

Yanzu ido ya fara hazo,
yatsu ke yi masa gani.
Iska ta juyo daga arewa tun magariba,
tagar shagon tana rawa.
Ya rataye buhu kusa da ƙofa,
ya laluba aljihu, tangaran yana nan.