Koren Alƙalami

A watan Maris suke zuwa,
lokacin da iskar kogin Humber ke yankan kunne kamar aska:
samari uku, takalma masu sheƙi, jakunkuna iri ɗaya.
Ni ke dafa musu shayi.
Ni ke jera musu fayil a ɗakin da ba shi da taga.

Shekara ashirin da biyu na yi a ofishin lissafin Harbottle,
magina gadoji da makarantu.
Na san takardar bashin da aka ɗage wa rana
daga Disamba zuwa Janairu,
don da hannuna aka ɗage ta.
Mista Cheetham yana tsaye a bayana, yana tsotsar minti,
ya ce, Gwenda, aron kwana ne kawai.

Ƙaraminsu, Tobias, ya taɓa ɗago kai.
Ya ce, wannan fa?
Na ce, tuntuɓen alƙalami ne.
Na tsaya riƙe da buta ina jiran tambaya ta biyu,
Allah ya sani jiranta nake.
Sai ya dubi agogo,
ya zare murfin koren alƙalaminsa,
ya yi 'yar ƙugiya a gefen layin.
Su ke duba mana littafi,
su kuma ke sayar wa maigidanmu dabarar rubuta shi.
In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Wata Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa
da takarda manne a gilashi, ruwa ya jiƙa rabinta.
Asibitin da muke ginawa ya tsaya a hawa na uku,
roduna tsirara suna nuna sama.
Desmond, mijina, mai fenti,
yana bin su fam dubu arba'in da ɗaya.
Ya sayar da motarsa, tsanin ma ya bi ta.

A makon aka haifi jikata Elsie.
A makon wani mai taye ya fito a talabijin
ya ce ba za a sake ba.

Tana rarrafe suka kafa kwamiti.
Ta fara tafiya, kwamitin ya haifi rahoto
mai kaurin da zai iya tokare ƙofa.
Ta iya cewa kaka, suka ce suna jin ra'ayin jama'a.
Na rubuta musu shafi huɗu,
har da abin da hannuna ya aikata.
Suka amsa da layi biyu na godiya.
Ta shiga makaranta aka yi zaɓe,
sababbi suka karkaɗe ƙurar rahoton, suka yaba masa,
suka ce lokaci bai yi ba, kasuwa ba ta da lafiya,
kada a ɗora wa kamfanoni kaya.
Mu da kayan ya faɗo wa a ka,
ba a tambayi lafiyar wuyanmu ba.

Mista Cheetham yana nan.
Na ga hotonsa, ya yi ƙiba, ya sauya tabarau,
yana zaune a majalisar daraktocin wani kamfanin ruwa.
Tobias, an ce, yanzu shi ke tura samari.

Jiya haƙorin Elsie na gaba ya fita.
Ta zauna a teburin kicin tana aikin lissafi,
harshenta na wasa da giɓin.
Ta ce, kaka, duba mini.
Na jawo aljihun tebur neman abin rubutu,
sai ga koren alƙalamin da ya manta a ofishinmu,
ban san me ya sa na ajiye shi ba.
Bakwai da takwas, ta rubuta sha shida.
Ta kafe ni da ido, tana murmushi, tana so in wuce.

Na mayar da murfin.
Na ce, zo mu sake ƙirgawa.
Kawo yatsunki.