Hadarin Nan Ba Ya Jin Hausa

Kawu Jatau, kai da kake duban gabas ka ce
a kwashe shanya, kafin la'asar zai sauko,
zo Estes Park ka ga inda iliminka zai sha kunya.
Hadarin nan ba ya jin Hausa.
Ta yamma yake ɓullowa, ta ƙeyar duwatsu,
ba sallama, ba ƙamshin ƙasa.

Ni ke jan motar da ke kai masu yawo bakin tafki.
Bakwai na safe, watan Yuli,
sama wasai kamar an ɗauraye ta,
su shigo da sanduna bibbiyu da gorunan ruwa,
hanci fari fat da man tare rana.
In ce musu: ku juyo kafin azahar.
Su yi mini murmushin wanda aka gaya wa farashin
abin da bai yi niyyar saye ba.
Ƙarfe ɗaya tsawa ta tsaga tsauni,
sai ga su a guje, sharkaf, haƙora na kaɗawa.
Wata tsohuwa ta ce, ashe da gaskiyarka.
Ba tawa ba ce, aro na yi wajen Marlys,
mai gadin dajin nan shekara ashirin da shida,
wadda ke ƙirga tazarar walƙiya da ƙara
da leɓe kawai, kamar mai jan carbi.

Satumba ganye ya zama zinariya,
mako biyu kacal, kamar kayan aro.
Gwankayen ƙasar nan su gangaro cikin gari,
ƙaho kamar rassan kuka da rani.
Wani ya tsaya mini a tsakiyar titi, gaban kantin magani,
ya miƙa wuya, ya wage baki.
Na shirya jin ruri, Kawu,
sai wata siririyar ƙara ta fito,
irin ta ƙyauren da ya manta da mai.
Ƙato da muryar sarewa!
Na kashe inji na jira. Nan ba a yi masa oda.

Daga nan a gitta ƙarfe a rufe hanyar sama.
Fari ya sauko, ya cinye hanya, ya cinye suna,
la'asar da magariba suna taka ƙafar juna.
Motata ta kwanta, na koma ba da hayar takalma
masu faɗin faifai, don kada ƙafa ta nutse.
Ran da na gwada su na faɗi sau huɗu,
a na biyar na ƙi tashi,
na kwanta rigingine ina sauraro.
Shiru ne wanda ban taɓa ji ba,
ko kaza babu, ko turmi,
sai jinina a cikin kunnena.

Sai Mayu ya kusa ƙarewa injuna ke yanka hanya
tsakanin katangu biyu na ƙanƙara
da suka fi soron gidanmu tsawo.
Ruwa ya fara magana a ƙarƙashi,
ɗis, ɗis, sannan rafi, sannan hauka.
Marlys ta nuna mini kwari da haɓa, ta ce
gonakin da ke can ƙasa wannan suke jira.
A nan na gane:
dutsen nan rumbu ne.
Daminarsu suke tarawa a sama, fara sol,
rana tana auna musu da mudu.

Jiya da hantsi na fito daga mota,
na karkata wuya, na runtse ido ɗaya,
na ce yau ba zai kai azahar ba.
Wani yaro mai jar hula ya ce, yaya ka sani?
Na buɗe baki in ce Marlys,
sai na ji hannuna a bayan ƙugu, irin riƙonka.
Tsayuwarka ce, Kawu.
Fuskar kawai na juya.