Harafi Ɗaya a Ƙofar Ruwa

Shekara talatin ina riƙe da buroshi,
ni Tanimu mai fenti, na layin masu rodi.
Rabin allunan Ƙofar Ruwa hannuna ne,
har a bayan tirela na zana zaki da ɗawisu,
ba a taɓa maido mini da aiki ba.

Ran Talata Alhaji Ɗanlami ya aiko,
dillalin ƙarfe, mai shago uku a jere.
Ya ce, "A sa mini da Turanci, ya fi kwarjini:
sunana, sai ƙarfe, sai kamfani."
Na tambayi yaronsa yadda Bature ke kiran ƙarfe,
ya ce "sitil", bakinsa cike da gyaɗa.
Kunne ya ji, hannu bai yi shawara ba.

Kwana biyu ina bisa tsani,
shuɗi a ƙasa, fari a kai, na zagaye da ja.
STEAL, harafi biyar, kowanne kamu guda,
ana hango shi tun daga bakin titi.

Allon ya kwana tara a sama.
'Yan boko na wucewa a adaidaita, suna ƙunshe dariya,
wani har ya ɗauki hoto,
na ce a raina, kyan aiki ne ya ja shi.

Sai Hansatu ta kawo mini ɗanwake,
autata, 'yar aji biyu a sakandare.
Ta ɗaga kai, ta toshe baki da mayafi.
"Baba, me Alhaji ya yi maka?
Kamfanin sata fa ka rubuta masa."

Cokali ya tsaya tsakanin kwano da baki.

Ta tsinci gawayi, ta jawo buhun siminti,
ta jera su kamar 'yan uku a zanen goyo:
steel, ƙarfe,
steal, sata,
still, har yanzu.
"Murya kusan ɗaya, Baba, hali ne daban.
Haka week da weak, mako da rauni,
haka son da sun, ɗan da ka haifa
da ranar da ke dukan ƙeyarka."

Na ce wane irin yare ne wannan,
da zai ɗinka wa maƙeri da ɓarawo riga ɗaya?
Ta ce, "To gari fa?
Wanda muke ciki, da wanda Inna ke tankaɗewa?
Kukan jariri, da kukar miyar daren jiya?
Wuyan da ake rataya wa sarƙa,
da wuyar da kake cewa ba ta kisa?"

Na yi shiru ina juya su a harshe.
Namu a baki suke rabuwa,
wani a ja shi, wani a sauke murya,
in sun hau takarda su zama ɗaya.
Nasu a baki suke haɗewa,
sai alƙalami ya zo ya raba gardama.
Ni kuwa alƙalamina faɗin tafin hannu ne,
kuskurena ma da girmansa yake fita.

Ana sallame asuba na saɓi tsani,
tun maigadi bai naɗe tabarma ba.
Na binne A da shuɗi, shafi uku,
na tsayar da E a kan kabarinsa.
Amma in rana ta take, ka ɗan karkata kai,
kana ganin ƙafafunsa biyu ta ƙarƙashin fenti.

Alhaji bai taɓa tada zancen ba.
Ya sani ko bai sani ba, oho.
Cikon kuɗina dubu bakwai ne,
wata huɗu ke nan ina sintiri,
kullum yaro ya ce ya tafi Dawanau.
Kalma ta uku dai na haddace ta:
har yanzu.

Wani lokacin in na bi ta layin
nakan tsaya in dubi allon nan,
in tuna saura rabin gwangwanin fari a gida.