Ruwan Alwala

Ranar da aka raba dashe a bakin ɗakin karatu
kowa ya zaɓi nasa, mangwaro, gwaiba, zogale.
Ni na makara, na tsaya wajen mai awara,
abin da ya rage a kwali tsamiya ce,
ganye shida, cikin ledar fiya-wata da aka yanke wa baki.

Lantana, shugabar ƙungiyarmu, ta rubuta a littafi:
Nafi'u, lamba talatin da bakwai, bayan masallaci.
Aka ɗauki hoto, aka tafa,
baƙi suka shiga motocinsu.
Washegari famfo ya ɗauke.

Kwana tara babu ɗigo.
Jarkar ɗan garuwa ta kamo kuɗin shinkafa da wake,
ɗan abin da Inna ta ƙulle min kuwa
bai san da zaman wata tsamiya ba.

Baba Ilu mai share haraba ne ya ja hannuna:
"Zo ka ga kogin da kake tsallakewa sau biyar.
Ko famfo ya yi fushi, buta ba ta hutu."
Ruwan alwala ne yake bin rariya,
ya je ya mutu a cikin yashi.

Muka binne tsohon bokitin fenti a bakin rariyar.
Azahar ta ba ni rabi, la'asar ta cika,
magariba har da gyara.
Ruwan fuskar farfesa da na mai gadi
suka haɗu a gindin tsamiyata,
ba ta tambayi wanne ne na wa ba.

Awakin Kabuga sun san ɓular katanga
fiye da yadda na san ƙofar ajinmu.
Dare ɗaya suka yi wa mangwaron Tasi'u ƙwal-kwabo.
Na je saran ƙaya, ƙaya ta sare ni,
har yau tabon yana nan a babban yatsa.
'Yan ɗakinmu kuwa, in na ɗauki bokiti:
"A ba ango hanya, zai kai lefe!"

Da aka tafi yajin aiki makaranta ta koma kufai.
Nakan hau adaidaita daga Kurna,
unguwar da na girma ban taɓa tsintar kurna ba,
in bi ta Rimi, inuwar duk ta kwano ce.
Masallaci ya koma sahu ɗaya bai cika ba,
masu gadi uku da Baba Ilu,
bokiti ko rabi ba ya kaiwa.
Sai in sake alwala ko tawa ba ta karye ba,
in wanke ƙafa a hankali, a hankali.

Yanzu ga shi mun ajiye biro.
Cikin sittin da aka dasa, sha tara ne a tsaye.
Tawa ta kawo min haɓa,
inuwarta ta ishi ƙadangare ɗaya
da takalmi ƙafa guda.

Na ce, "Baba, shekara huɗu ina ɗawainiya,
ko zama ban yi a ƙarƙashinta ba."
Ya ɗaga tsintsiya ya nuna babbar tsamiyar nan
da muke shimfiɗa tabarma in jarrabawa ta matso.
"Wa ya dasa waccan?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "To,"
ya ci gaba da shararsa.

Jiya na miƙa bokitin ga wani sabon shiga,
Sagiru, ɗan Gwammaja, rigarsa har da karin guga.
Na nuna masa ɓular awaki, na nuna masa rariya.
Ya tambaye ni yaushe za ta fara 'ya'ya.
Na ce ya tallabo bokitin ta ƙasa,
mariƙin waya ce, tana yanka hannu.