Kuza da Ƙusa

Baba Sambo ya zame a bakin rijiya, can Rikkos,
kwatangwalo ya ce ƙaras, kamar karan dawa.

A Lamingo likita ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila:
"Ko siraran ƙusoshi uku masu murɗi,
ko ƙatuwa ɗaya da faranti a gefen cinya.
Karayar ce za ta zaɓa, ba mu ba."

Baba ya yi dariya, zafi ya tsinke ta.
"Shekara talatin ina tonon kuza a Bukur,
ina raba ƙasa da ƙarfenta.
Ashe ƙarfen na biye da sawuna."

Uku aka murɗa masa.
Yanzu in sanyin Jos ya sauko da asuba,
ƙugunsa ke riga ladan tayar da shi.