Gorar Ultan Feerick

Ni na sassaƙa masa gorarsa ta fari.
Shekararsa tara, ya shigo da sule biyu a dunƙule,
hanci na yoyo, takalmin yayansa na ja masa ƙafa.
Na ce kuɗin bai kai ba.
Ya ce, "To a rage tsawon."

Daga gindin itacen ash ake fitar da ita,
inda jijiya ta lanƙwasa za ta shiga ƙasa.
Can ƙarfin yake. Na gaya masa haka,
bai ji ba, idonsa na kan ƙwallo.

Kun dai sha labarin wasan ƙarshe a Dublin.
Ni ina can bayan raga, ruwa na bi mini ta wuya.
Sun fi mu da biyu, saura ƙiris a tashi,
ƙwallo ta faɗo daga sama kamar an jefo tsakuwa.
Hannu shida suka tashi, nasa ya sauko da ita,
yatsu biyu a karye.
Bai ko dubi raga ba. Ya san inda ya bar ta.
Daren nan kowane tudu a gabashin Galway ya ci wuta,
limamin cocinmu ya cilla hula sama, bai neme ta ba.

Ba a rufa wata uku ba 'yan jam'iyya suka zo,
ranar Lahadi, bayan an taso coci, cikin baƙar mota.
Attracta ta dafa musu shayi, ta ƙi zama.
Daga baya ta ce da ni,
"Kallon da suke masa, Malachy,
shi babana ke yi wa maraƙi a kasuwa."

Sai ga fuskarsa a kowane turken lantarki,
ruwa na dukanta, tana murmushi.
Shekara ashirin da biyu.
Ba jana'izar da ta wuce shi.
Hannun nan ya gaisa da gunduma kaf,
kowa ya kama sai ya daɗe, yana laluben karayar.
Asabar, a ɗakin bayan mashaya, layi har waje:
fanshon matar mamaci, ramin hanya,
ɗa a Boston da ba shi da takarda,
gonar da ruwa ya kwanta mata tun kaka.
Yana rubutawa a bayan kwalin taba.
Wasu ya yi.
Wasu sun tafi wanki cikin aljihu.

A majalisa kuwa, an ce, baki ya yi nauyi.
Mutumin da gora shida ba su sa ya ƙifta ido ba,
takarda ɗaya na rawa a hannunsa.

Ranar ƙuri'ar rufe asibitinmu
jam'iyya ta ja akala, ya bi.
A fili ma haka aka koya masa: inda aka ajiye ka, tsaya.
Na so in ce masa wannan ba wancan ba ne.
Ban ce ba. Da na hango shi, sai in tsallaka titi.

Zaɓen da ya biyo, kwana uku ana ƙirga.
Ya faɗi da ƙuri'a arba'in da ɗaya.
Ɗayar nan tawa ce,
kuma a ƙauye irin namu ba a ɓoye tari.

Yanzu shi ke aske ciyawar fili,
shi ke zuba farar ƙasa a layi ranar Juma'a.
Layin kan ɗan karkace wajen kusurwa. Gwiwa ce.
Yara na gudu su ce, "Tsoho, matsa."
Yana matsawa.

Jiya ya turo ƙofata.
Shekara goma sha ɗaya ko sannu ba ta haɗa mu ba.
Ya ɗauki wata, ya auna ta a tafi,
ya danna bakinta a ƙasa ya ji ko tana dawowa.
Ya ce ta jikarsa ce, Sadhbh, bahaguwa, shekara tara.
Na ce kuɗin ya tashi.
Ya daɗe yana kallon ɓawon itace a ƙasa.
"To a rage tsawon," in ji shi.

Na juya baya ina neman ma'auni,
alhali yana cikin aljihuna.